Garin Fure da Dangin Erika: Tambayoyin da Ɗalibai da Masu Zuma ke Yawan Yi a Kumasi

Tambayoyin nan suna ta dawowa daga bakin 'yan zango masu karatun ilimin tsirrai a jami'ar KNUST, da malaman sakandare a Aboabo da Asawase, da wasu masu sayar da zuma a Kejetia da suka ji cewa ana gane asalin zuma da maikuroskof. Wajen rabe-raben tsirrai mun yi amfani da kalmomi huɗu daga babba zuwa ƙarami: dangi, reshe, gida, nau'i.

Mene ne garin fure? Shi ne iri?

Ba iri ba ne. Manomi ya san shi da sunan bununi, garin nan mai ruwan ɗorawa da ke zubowa daga kan masara ko gero idan iska ta kaɗa. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da rabon namiji. Sai ta sauka a kan macen fure, ta fitar da siririn bututu ta kai wannan rabo ga ƙwan da ke can ciki, sannan iri ya ƙullu.

Ana auna shi da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na masara yana kai 80 zuwa 100, na kuɓewa ya fi 100 kuma jikinsa duk ƙaya ne, amma akasarin tsirrai nasu na tsakanin 20 da 50.

Wane tsiro ne heda, kuma akwai shi a Ghana?

Heda suna ne da mutanen Birtaniya ke ba wasu gajerun itatuwa masu ƙananan ganye da ke rufe tuddan Sikotilan da arewacin Turai. Gida biyu ake nufi: Calluna, mai nau'i ɗaya tak, Calluna vulgaris, da kuma Erica, mai nau'i sama da 800. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne kusan 700 daga cikinsu a yankin Kef na Afirka ta Kudu suke, ba a Turai ba. Dukkansu suna ƙarƙashin dangin Ericaceae, wanda za mu riƙa kira dangin Erika, mai gidaje kimanin 125 da nau'i sama da 4,000, ciki har da Rhododendron da Vaccinium.

Ba za ka same shi a dajin Asante ba. A Afirka mai zafi tsiron kan tsauni ne, yana son sanyi da ƙasa mai tsami maras taki, alhali duwatsun Ghana ba su kai mita 1,000 ba. Sai ka je tsaunukan Kamaru ka tarar da Erica mannii da Agarista salicifolia, ko tsaunukan Habasha da Kilimanjaro ka tarar da Erica arborea da ke girma har ya zama bishiya. Sai dai muna da 'yan uwansa na nesa a gida: kaɗanya da kanya da ganyen shayi duk suna cikin babban rukunin Ericales tare da shi, ko da yake garin furensu bai yi kama da nasa ba.

Waɗanne sassa ne ke jikin ƙwaya ɗaya?

Ɓawo biyu gare ta. Na ciki, intin, mai laushi ne, kuma asid na cinye shi. Na waje, eksin, an gina shi da wani sinadari da ake kira siforofolenin wanda ke jure asid da zafi da shekaru dubbai, muddin iska ba ta samu ta ci shi ba. Duk aikin rarrabewa a kan eksin yake. Idan aka yanka shi aka duba, kamar rumfa yake: akwai daɓe a ƙasa, akwai ginshiƙai, akwai rufi a sama. A kan rufin ne ado yake, ko sumul, ko ƙuraje, ko ƙaya, ko raga, ko tamoji kamar fatar tsoho.

Sai ƙofofi, wuraren da ɓawon ya yi siriri don bututu ya samu mafita. Iri biyu ne: tsaga mai tsawo, da huda zagayayya. Masara da sauran ciyayi huda ɗaya gare su. A dangin Erika yawanci kowace ƙwaya tsaga uku gare ta, kuma a tsakiyar kowace tsaga akwai ƙofa ta biyu a ɓawon ciki. Abu huɗu za ka rubuta duk lokacin da ka ga sabuwar ƙwaya: tilo ce ko a haɗe take, ƙofa nawa kuma wace iri, wane ado, wane girma.

Me ake nufi da 'yan huɗu?

Wannan ita ce babbar alamar dangin. A kowane tsiro mai fure, uwar ƙwaya ɗaya ce ke rabuwa sau biyu ta ba da 'ya'ya huɗu. A yawancin tsirrai bangon da ya riƙe su yana narkewa, kowace ta kama gabanta. A yawancin dangin Erika eksin ɗinsu yana manne wa juna, sai su bar fure a dunƙule su huɗu. Ka tuna yadda mai lemu ke kasa kayanta a bakin titi: uku a ƙasa, ɗaya a bisa. Haka zamansu yake. Shi ya sa a maikuroskof sau da yawa uku za ka gani a fili, ta huɗun sai ka murza saitin sama ko ƙasa kafin ta bayyana. Ɗalibai da dama sukan rubuta "ƙwaya mai ɗaki uku" saboda ba su murza ba.

Akwai lissafi mai kyau a nan. Ƙwaya huɗu, kowace tsaga uku, sun zama 12. Amma ba a warwatse suke ba. Duk inda ƙwaya biyu suka haɗu, tsagar wannan tana fuskantar tsagar waccan, su zama kamar layi ɗaya da ya ƙetara iyaka. Mahaɗa shida ce, don haka layi shida. Ana kiran wannan tsari ƙa'idar Fischer. Idan ka ga 'yan huɗu masu irin waɗannan layuka, ka kama hanya. Idan huda ce zagayayya a mahaɗar, duba amsar da ke kan 'yan huɗun da ake samu a Ghana.

Duk dangin ne ke da 'yan huɗu?

A'a, kuma a nan ne garin fure ya fi yin amfani wajen rabe-rabe. A 2002 Kathleen Kron da abokan aikinta suka fitar da sabon tsarin dangin, suka haɗa shaidar DNA da ta siffa, suka raba shi reshe takwas. Suka kuma shigo da wasu da a da ake ɗauka dangi ne masu zaman kansu, irin su Empetraceae da Epacridaceae da Pyrolaceae da Monotropaceae. Gidan Enkianthus na gabashin Asiya, wanda shi ne ya fara ballewa daga sauran, ƙwayarsa tilo ce. Wannan ya dace da fahimtar cewa tilo ce asali, mannewa daga baya ta zo.

Daga nan abin ya yi ta canzawa. Pyrola 'yan huɗu gare shi, maƙwabcinsa Orthilia tilo, Chimaphila kuwa 'yan huɗu da yawa ne ke dunƙulewa wuri guda. A wasu 'yan dangin na Ostireliya, cikin ƙabilar Styphelieae (ƙabila mataki ne tsakanin reshe da gida), huɗun suna farawa tare amma uku su tsumbure, ɗaya ta cika, sai ka ɗauka tilo ce in ba ka lura da ragowar ukun a gefenta ba. A cikin gidan Erica kansa akwai masu tilo, kamar Erica terminalis da Erica spiculifolia na Turai da wasu na Afirka ta Kudu. Darasin aiki shi ne: tilon Enkianthus da tilon Erica terminalis ba shaidar kusanci ba ce, domin na biyun kakanninsa 'yan huɗu ne, komawa ya yi.

Mene ne zaren da ke riƙe garin Rhododendron?

Sirarran zaruruwa ne da ake kira bisin, suna fitowa daga jikin eksin suna sarƙe 'yan huɗu da yawa, ta yadda idan ka taɓa jakar garin da allura za ka ja shi kamar yauƙin kuɓewa. Ƙwaro ɗaya sai ya kwashi ɗaruruwa a tafi guda. Ana samun su a Rhododendron da Kalmia da wasu makusantansu, ba a samun su a Calluna ko Vaccinium. Asid ba ya narkar da su, amma motsawa da juyawar inji wajen wanke garin suna tsinka su, don haka kafin ka rubuta "babu zare" ka duba ɗanyen gari da ba a wanke ba.

Yaya ake bambanta Calluna da Erica?

Idan furen na hannunka, da sauƙi: a Calluna ganyayyakin da ke rungume da fure masu launi ne kuma sun fi furen tsawo, a Erica kuwa furen kamar tulu ko ƙararrawa yake, ya fi su tsawo. Masanin tsirrai Linnaeus ya haɗa su gida ɗaya a 1753, wani masanin, Salisbury, ya ware Calluna a 1802, daga kalmar Girkanci mai nufin shara, saboda da shi ake yin tsintsiya.

A maikuroskof ma Calluna ya fita daban. 'Yan huɗunsa sau da yawa ba sa zaman kashin lemu sosai, sukan baje ko su karkace, tsagoginsu gajeru ne marasa tsari, jikinsu kuma ƙuraje ne manya-manya. Na Erica da Vaccinium sun fi tsari da santsi, kuma suna kama da juna har masana kan tara su ƙarƙashin suna ɗaya a lissafinsu.

Yaya ake wanke garin fure don dubawa?

Hanyar ita ce asetolisis, wadda masanin Suwidin Gunnar Erdtman ya daidaita, kuma bayaninsa na 1960 ake bi har yau. Tunda tsiron ba ya nan, daga busasshen samfuri za ka ɗauka, a ma'ajiyar tsirrai irin ta Jami'ar Ghana da ke Legon ko wadda malaminka ya nemo maka aro. Ka nemi izinin mai kula, ka ɗauki toho ɗaya ko biyu da ke dab da buɗewa. Furen da ya riga ya buɗe wataƙila ya zubar da nasa, ƙwari kuma sun kawo masa na wani. Ka rubuta lambar samfurin tun kafin ka taɓa komai.

Ka jiƙa tohon a ruwan ɗumi ko a ruwan sinadarin KOH (fotasiyam haidiroksaid) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na 'yan mintoci, ka murƙushe, ka tace, ka juya a injin santirifuj minti 3, ka tsiyaye. Ka zuba asetik asid tsantsa, ka sake juyawa, ka tsiyaye. Wannan matakin ruwa yake korewa, kuma ba a tsallake shi. Sai haɗin kansa: kashi 9 na asetik anhaidiraid, kashi 1 na asid ɗin salfa mai ƙarfi, misali mililita 4.5 da 0.5. Asid ɗin ake ɗigawa a hankali cikin anhaidiraid, ba akasin haka ba, kuma a ranar aiki ake haɗawa. Ka zuba a kan garin, ka tsoma kwalbar a ruwan zafi mai digiri 90 zuwa 100 na minti 2 zuwa 3 har ya yi ruwan ƙasa. Ka juya, ka tsiyaye a kwalbar sharar sinadarai, ka wanke da asetik asid tukuna, sannan da ruwa sau biyu. Daga nan ka ɗauki ɗan ƙaramin yankan jelin gilisarin a bakin allura, ka dangwali garin, ka narkar a kan gilashi, ka rufe.

Haɗin nan idan ya gamu da ruwa tafasa yake ya fantsamo. Busassun kwalabe, tabarau, safar hannu, akwatin zuƙe hayaƙi, da wani babba a kusa: in babu ɗaya daga cikinsu a ɗage aikin. Idan garin ya fito baƙi ƙirin an daɗe a wuta, ado ya ɓace. Idan ya fito fari da tarkace a ciki ba a daɗe ba, ko haɗin ya kwana.

Me ake aunawa a jikin 'yan huɗu?

Da farko ka daidaita ma'aunin da ke cikin idon maikuroskof da gilashin ma'auni, wanda milimita ɗaya a jikinsa aka raba gida 100, kowane gida maikiromita 10. Kowane ruwan tabarau da nasa lissafin, kada ka ɗauki na mai ƙara girma sau 400 ka yi aiki da shi a mai sau 1,000. Sannan ka auna faɗin dunƙulen gaba ɗaya, wanda littattafai ke rubutawa D, da faɗin ƙwaya guda, d, da tsawon layin tsaga biyu da suka haɗu, 2f, da kaurin ɓawon waje da na bangon tsakani. Rabon D da d yana nuna ko dunƙulen a cure yake kamar ƙwallo ko kowace ƙwaya ta turo kai. Ka auna aƙalla 20 daga kowane samfuri, waɗanda suka zauna zama iri ɗaya, ka kawo mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma.

Wajen ado, ka ɗiga man dubawa ka hau 1,000, ka sauko da saiti sannu a hankali. Abin da ya tuɗo yana fara haske sannan ya yi duhu, rami kuwa yana fara duhu sannan ya yi haske. Adon dangin Erika ƙanana ne ƙwarai, kuma bambancin da ke raba gidaje sau da yawa sai da maikuroskof na ilaktaron yake fitowa.

Me ya sa ma'aunina bai zo daidai da na littafi ba?

Kafin ka zargi littafi ko ka ɗauka ka gano sabon nau'i, ka duba yadda marubucin ya shirya nasa. Asetolisis yana ƙara wa ƙwaya girma. Jelin gilisarin yana kumbura ta, kuma kumburin na ƙaruwa da watanni. Man silikon ba ya yin haka, don haka adadinsa ya fi ƙanƙanta. Murfin gilashi yana danne manyan 'yan huɗu su baje, maganinsa a sa ɗigon kakin zuma a kusurwoyi huɗu ya tallafe shi. Tohon da bai nuna ba yana ba da ƙwayoyi motsattsu. Gwada adadi biyu da aka samo ta hanyoyi daban-daban aikin banza ne, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa a rahoton ɗalibai.

Na ga 'yan huɗu a samfurin da na ɗauko a Ghana. Erika ne?

Kusan tabbas ba shi ba ne. Mimosa pudica, ciyawar nan mai naɗe ganye idan an taɓa ta, wadda ta cika gefen hanyoyin Kumasi, 'yan huɗu gare ta, amma dunƙulen duka bai fi maikiromita 10 ba, ya gaza na dangin Erika nesa ba kusa ba. Gauɗe, wato Gardenia, yana da 'yan huɗu masu zaman kashin lemu, sai dai huda gare su maimakon tsaga. Gwandar daji da 'yan gidanta na Annona nasu manya ne, a sake suke, ba su da layukan Fischer. Gabaruwa kuwa dunƙule ne na ƙwaya 16, ɗorawa ma dunƙule ne babba. Waɗannan su ne mafi kyawun abin koyo ga wanda bai samu samfurin waje ba, domin a kansu ido ke sabawa da murza saiti.

Za a iya gane zumar heda, ko zumar da aka yi wa ƙarya, ta wannan hanya?

Asalin furen za a gane. A narkar da giram 10 na zuma a mililita 20 na ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, a juya minti 10, a tsiyaye, a sake wankewa, a shimfiɗa abin da ya kwanta a gilashi. A ƙirga ƙwaya aƙalla 300, in ana son adadi mai ƙarfi 500. Bisa tsarin da Louveaux da abokansa suka fitar a 1978, wanda ya wuce kashi 45 cikin 100 shi ne mai rinjaye, 16 zuwa 45 na biyu, 3 zuwa 15 ƙarami mai muhimmanci, ƙasa da 3 ƙarami. Zumar Calluna tana da wata alama ma ba tare da maikuroskof ba: a kwalba kamar kamu take, in an motsa ta ta saki, in an bar ta ta sake kamawa.

Ga mai saye a Kejetia amfanin a juye yake. Idan aka ce zuma daga Damongo ko Tamale take, ana sa ran ganin garin itatuwan can, irin su kaɗanya da ɗorawa. In aka tarar da 'yan huɗun Erika da yawa, akwai zumar waje a ciki, bayan an tabbatar ba Mimosa ba ce kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Amma wannan gwaji ba ya tabbatar da cewa ba a zuba sukari ba. Wannan sai awon sinadari. Kada a ɓata wa ɗan kasuwa suna a kan gilashi ɗaya.

Garin fure kaɗai zai faɗa mini nau'in tsiro?

A dangin Erika, da wuya. Yana kai ka ga dangi da tabbaci, yakan kai ka ga reshe ko gida, kamar Calluna ko masu zaren bisin, amma nau'o'in Erica sama da 800 ma'aunansu suna shiga cikin juna. Shaida ɗaya ce da ake ɗorawa a kan fure da ganye da 'ya'ya da DNA. Ka kula da sunaye kuma. Tsofaffin littattafan tsirran Afirka ta Yamma suna rubuta Philippia mannii, da gidan Blaeria. Masanin Afirka ta Kudu E. G. H. Oliver ya mayar da waɗannan cikin Erica, ya kammala da sauran ƙananan gidajen a 2000, bayan ya nuna cewa siffofin da aka raba su da su ba su tsaya a kan iyaka ba. Idan tsohon gilashi yana ɗauke da Philippia, ka bar rubutun yadda yake, ka ƙara sabon suna a gefe.

Ina ruwan wannan da tarihin yanayi?

Eksin ba ya ruɓewa a lakar ƙasan tafki, don haka kowane hawa na laka yana riƙe da garin tsirran zamaninsa. Masanin Suwidin Lennart von Post ya nuna wannan hanya ta karanta tarihin yanayi daga laka a 1916. A tsaunukan gabashin Afirka dangin Erika suna da ɗamararsu a saman daji, wajen mita 3,000 zuwa 4,000, don haka yawan 'yan huɗunsu a lakar da ke ƙasa da haka alama ce ta zamanin sanyi, lokacin da ɗamarar ta sauko.

Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, ramin dutsen sama ne da ya faɗo shekara sama da miliyan 1 da ta wuce. A 1983 Jean Maley da Daniel Livingstone suka ba da rahoton garin wani zaitun na kan tsauni a tsohuwar lakarsa. Lakar ta kuma nuna garin ciyawa ya rinjayi na bishiyoyi kafin daji ya dawo wajen shekara 9,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Wato inda ake noman koko yau ya taɓa zama fili mai sanyi.

Yaya zan adana gilasaina a yanayin Kumasi?

Laima da zafi su ne matsala. Jelin gilisarin yana narkewa a ɗaki mai zafi, ƙwayoyi su gangara gefe, da damina kuma fumfuna ta shiga. Ka rufe gefen murfin da narkakken kakin farafin ko janfarce maras launi, shafi biyu. Ka ajiye gilasai a kwance a akwati mai murfi tare da ƙunshin silika, ka riƙa busar da silikar idan ta canza launi. Da hunturu kada ka bar kwalba ko gilashi a buɗe, ƙura na ɗauke da garin ciyawa, kuma ƙwaya mai huda ɗaya a samfurin Erica daga taga ta shigo. Ka yi awonka cikin makonnin farko kafin kumburi ya fara, ka ɗauki hoto tare da ma'auni a jikinsa. A kan kowane gilashi ka rubuta sunan tsiro, lambar samfuri, ma'ajiyar da ya fito, hanyar wankewa, da ranar da aka haɗa shi.